Wuƙar Kan Benci

Ni kafinta ne, kuma duk wani abu mai kaifi sai na tsaya na duba shi. Matata ta ce ciwo ne, na ce to a bar ni da ciwona. In na tsaya wurin mahauci ba naman nake kallo ba, wuƙarsa nake kallo, har sai ya tsargu ya tambaye ni ko lafiya. A ƙasan akwatin kayan aikina akwai 'yan wuƙaƙen aljihu da na tsinto nan da can, na kanti da na maƙera, amma babu wadda ta taɓa hana ni sukuni kamar wata tsohuwa mai naɗewa da ke kwanciya a kan benci a gindin mangwaro a Azuba, unguwarmu da ke gefen garin Lafia, tsakanin Kawuna da abokinsa. Saura ƙiris wuƙar nan ta raba su, kuma ba ta yanki kowa ba.

Kawu yayan mahaifiyata ne, a hannunsa na tashi, gidana ma a jikin nasa yake. Buhuna da igiya ya sayar a kasuwar doya har ƙarfinsa ya ja baya. Abokin nasa Tibi ne, Kirista, dillalin doya, mu dai tun muna yara Baba mai doya muke ce masa. A kasuwa suka san juna, kuma tare suka sayi fili a Azuba tun wajen yana gonakin rogo, ba wanda ya zaci wata rana za a cika shi da dogayen rufin kwano da shagunan cajin waya. Mangwaron yana bakin gidan Baba. Bencin kuwa ni na yi shi, shi ne ma aikina na farko da ya tsaya da ƙafafunsa bai yi rawa ba.

Da an sallame la'asar za ka gan su. Baba zai fito da jarkar bammin da wani mai mashin yake kawo masa daga wajen garin Obi, da ƙoƙonsa, da ganyen tabar da yake shanyawa a rufin ɗakin ajiyarsa. Ba ya shan sigarin kwali, ya ce takarda ake sayar wa mutane. Nasa da hannu yake naɗawa. Zai shimfiɗa ganye a cinya, ya yayyafa masa bammi kaɗan don ya yi laushi, ya zare jijiyar tsakiya da tsinin wuƙa, ya jera ƙanana a cikin babba, ya mulmula har ta kai kaurin babban yatsa. Sai ya datse kai, ya datse gindi, ya shinshina, ya yi shiru kamar mai sauraron wani abu, sannan ya ƙyasta ashana. Kawu kuma flas ɗinsa ne na shayi mai citta da kanumfari, da farin goro a ƙunshe cikin jiƙaƙƙen tsumman buhu. Haƙoransa sun daɗe da yin sallama da shi, saboda haka goron sai an yanka shi siriri kamar farce. Da wuƙa ɗaya ake aikin nan duka. In Baba ya gama da taba, Kawu zai tsinki ganyen mangwaro ya goge bakinta tas, sannan ta shiga goro.

Kawu kullum ta inda iska ke fitowa yake zama, don kada hayaƙi ya kama masa riga. In iska ta juya, sai ka ga sun miƙe tare sun canja wuri, hira ba ta ko yanke ba. Masu surutu sun yi har sun gaji, wai dattijo mai zuwa sahun gaba yana zama da mai shan bammi. Wani ya taɓa tarar Kawu da maganar a ƙofar masallaci, Kawu ya ce masa, “To shi ke sha, ni nake buguwa?” Daga nan ba a sake ba.

Ni ba na shan ko ɗaya, kuma ƙanshin tabar nan har ga Allah yana mini daɗi daga nesa, kamar ana ƙona busasshen ganye da ɗan zuma. Nakan sayo zoɓo mai sanyi in tashi daga shago, in jawo kututture in zauna, wai na zo gaisuwa. Ƙarya nake, wuƙa nake zuwa gani.

In an naɗe ta ba ta wuce tsawon tafin hannu ba. Ƙotar ƙahon sa ce, baƙi mai ratsin fari, hannu ya goge shi har yana sheƙi. Ƙusoshin tagulla ne suka riƙe ta. A bayanta akwai wani ƙarfe mai tauri da ke danne ruwan wuƙar, da ɗan zobe wanda sai ka ja shi kafin ta yarda ta naɗe. In aka buɗe ta sai ta ce ƙas, ƙara ɗaya mai tsabta, wadda ko kana bayan katanga ka san an buɗe. Wasawa ta cinye ta har ta rame a tsakiya. Ba tambari, ba rubutu, ba komai. Na juya ta ta kowace fuska, na kasa gane ko maƙerin gida ne ya yi ta ko daga wata ƙasa ta zo aka sake mata ƙota.

Na tambayi Kawu, “Wai wuƙar nan ta wa ce?”

Ya ce, “Ta Sarkin doya ce.” Haka yake kiran Baba in yana son tsokana.

Na tambayi Baba, ya ce, “Na Malam ne.” Malam yake ce wa Kawu.

Na ce to wa ya ba wani? Sai suka dube ni tare kamar na yi tusa a cikin mutane. Kawu ya ce, “Kai, ana ba da wuƙa ne? Ajiyewa ake yi, a ɗauka.”

Nan ne na fara lura da abin da idona ya daɗe yana gani ban kula ba. Ba su taɓa miƙa wa juna ita hannu da hannu ba. Wanda ya gama zai kwantar da ita a kan benci a tsakaninsu, ɗayan ya ɗauka. Sun ce wuƙar da ta bi ta hannu zuwa hannu zumunci take yankawa. Na ce wa Kawu ai wannan camfi ne, shi da yake mana faɗa a kan camfi. Ya ce, “Camfi ne mana. Al'adar su Sarkin doya ce, ni ina kiyayewa ne don shi.” Da na sami Baba shi kaɗai, sai ya ce, “Abin Hausawa ne, ni ban sani ba, Malam ne ba ya so.” Ka ji fa. Kowa yana kiyaye dokar don ɗan'uwansa, kuma ba wanda ya san mai dokar. Da magariba ta kawo jiki, wanda ya riga tashi zai bar ta a benci, wanda ya yi saura ya jefa a aljihu. Gobe ta dawo.

Dole in faɗi yadda Baba ke magana, don a nan abin yake. Hausarsa irin ta kasuwar Lafia ce, wadda ba ruwanta da mace ko namiji. Matarsa “shi” ce, akuyarsa “shi”, motar da ke kwasar doya “shi”. Zai ce maka, “Mata na ya tafi coci, bai dawo ba.” Mu da aka haifa a nan kunnenmu ya saba, ba ma ko ji. Amma matata Bakatsiniya ce, malamar firamare, kuma a lokacin ba ta daɗe da tarewa ba. Hausa a bakinta kamar an goge da dutsen guga. Ranar da wata maƙwabciya ta ce mata, “Yarinya na ya haihu, ya samu mace,” sai da ta shigo ɗaki ta kwanta don dariya. Nakan ce mata ta bi a hankali, nan ba Katsina ba ne, nan in kin gane abin da ake nufi to an yi Hausa.

Ana cikin zafin nan na kafin ruwa ya sauka, mangwaro ya nuna yana faɗowa da kansa, hawan jini ya kayar da Kawu a bakin rijiya. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Baki ya karkace, magana sai ya yi da gaske take fita, wani lokaci yawu ya zubo bai sani ba. Kawu mutum ne mai tsabta da jin kai, wanda ko hularsa ba ya yarda ta karkace, sai ga shi matarsa, Inna, tana goge masa haɓa da tsumma. Baba kullum yana asibiti. Ya kawo doya, ya kawo kaza, ya zauna a bakin gado yana ba Kawu labarin farashin kasuwa kamar gobe zai fita.

Sannu a hankali ƙafa ta ɗan dawo, har yana jan ta da sanda. Hannun dai ya ƙi, yana nan a lanƙwashe a kan cinya. Likita ya ce lallai ya riƙa tafiya kullum, in ya kwanta to ya kwanta ke nan. Mun yi lallashi, mun yi faɗa, Kawu ya ce shi ba zai zagaya unguwa yara suna kallonsa ba. Tafiya ɗaya ce ya yarda da ita, daga ƙofarsa zuwa gindin mangwaro. Wannan 'yar tafiyar ita ce maganinsa, ita ta riƙe shi a tsaye. Benci ba shi da majingina, don haka nakan kai masa kujerar roba in ajiye a gefe.

Ranar da ya fara komawa na ga abin da ya sosa mini rai. Na jawo bencin kusa, ya ɗauki wuƙa da hagu, ya sa farce zai buɗe, ta ƙi. Dama mai tauri ce, hannu biyu take so. Ya danna ta a gwiwa, ta zame. Ya kai ta baki, ya tuna ba haƙori. Baba ya jira har Kawu ya mayar da ita benci, ya ɗauka ya buɗe, ya sake ajiyewa. Bakin ma ya dakushe, don Kawu ne mai wasa ta, kuma tun da ya kwanta ba wanda ya kai ta dutse. Goron ranar a farfashe ya fito. Kawu ya ci a haka, yana kallon wani wuri.

Aka yi 'yan kwanaki a haka, sai rana ɗaya na zo ɗaukar kujera Kawu ya ce, “Bar ta.”

Na ce, “Kawu, la'asar ta yi fa.”

Ya ce, “Ba ni zuwa.”

Na ɗauka jiki ne. Washegari ma haka. Baba ya zo ƙofa ya yi sallama, Inna ta leƙo ta ce barci yake yi. Ya sake zuwa, aka ce barci. Ya aiko da doya, Kawu ya ce a mayar. A mayar! Doyar Baba da muka ci tun ba mu da wayo. Na tambayi Inna, ta ce in tambayi mai ɗakin. Na tambayi mai ɗakin, ya juya fuska bango. Ƙafar da ta fara dawowa ta sake sandarewa, ta kumbura. Tuwo sai ya taɓa ya ture. Flas ɗin shayi yana kan taga har ƙura ta hau shi. Tsoro ya kama ni sosai, don na ga mutum yana naɗewa a gabana, kuma ban san abin da zan ja ya buɗe ba.

Matata ce ta fasa ƙwan. Na dawo cin abincin rana ina ta masifa ni kaɗai, ina cewa tsofaffin nan za su kashe ni, sai ta ajiye ludayi ta ce, “Ni fa na san dalili, kuma ban ga laifin Kawu ba.”

Na ce, “Kin sani kika bar ni ina haushi kamar kare?”

Ta ce ta je bayan gidan Baba tsinkar yakuwa wurin matarsa, sai ta ji shi ta bayan katanga yana magana da mai kawo bammi. Ta ce da kunnenta ta ji, ba wani ya gaya mata ba. Ya ce: “Tun da Malam ya yi ciwo na lura. Ya tsufa. Bakinsa ya mutu, ko buɗewa ba ya yi sai da ƙarfi. Ba shi da amfani kuma. Zan nemo wani.”

Ta dawo ta gaya wa Inna a madafa, don abin ya fi ƙarfin cikinta, ba ta tuna tagar Kawu a nan take ba.

Wallahi ban san lokacin da na miƙe ba. Ko hannu ban wanke ba. Mutumin da Kawu ya tsaya wa a gaban mutane, ya sha surutu saboda shi, shi ne zai ce bakinsa ya mutu? Zai nemo wani? Abokin zama ake nemowa kamar taya? Ina tafe ina shirya maganganun da zan gaya masa, kuma na yi niyyar in ɗauke bencina in dawo da shi gida, tun da ni na yi abina.

Na same shi shi kaɗai a gindin mangwaro, jarka a gefe, ganye a cinya. Na buɗe baki zan fara, sai idona ya sauka a hannunsa. Da reza yake zare jijiyar taba. Reza, irin ta aski, wadda ake sayarwa a takarda. Tana ta yaga masa ganye yana tsaki. To ciwon nan nawa da matata ke faɗa, shi ya riga fushina fita. Maimakon duk abin da na shirya, sai na ji bakina ya ce, “Baba, ina wuƙa?”

Ya ce, “A, wannan? Ya tafi Obi.”

Na ce, “Wa ya tafi Obi?”

Ya ce, “Wuƙa mana. Ya tsufa, Kafinta. Bakinsa ya mutu. Kai ma ka gani, ba ya buɗewa sai da ƙarfi. Malam hannu ɗaya ne yanzu, yaya zai yi da shi?”

Na zauna a kan kututture. Ga maganar nan, kalma bayan kalma, yadda matata ta kawo ta. Ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. A Katsina wuƙa “ta” tsufa, bakin“ta” ya mutu. A bakin Baba kuwa wuƙa da Malam da matarsa duk “shi” ne.

Bai lura da halin da nake ciki ba, ya ci gaba da ba ni labari. Ya ce da farko sabuwa ya so saya, wadda hannu ɗaya zai buɗe. Ya zagaya kasuwa, aka nuna masa masu maɓalli, ka danna su fito fit, amma ya gwada bakinsu a farce ya ga gwangwani ne aka goge. Sai mai bammi ya ba shi labarin wani tsohon maƙeri a Obi. Ya hau mota ya kai masa. Maƙerin ya ce ba sai an nemo wata ba, zai wasa bakin, ya sassauta ƙusar, ya rage wa ƙarfen baya tauri, ya dasa ɗan ƙulli a jikin ruwan wuƙar inda babban yatsan hagu zai tura. Ya ce a ba shi lokaci.

“Na je in gaya wa Malam, an ce yana barci. Na koma, yana barci. Wane irin barci ne wannan? Doya na ma an dawo da shi.”

Ba yadda zan yi, na gaya masa. Na so ya yi dariya, don ni dariya ce ta fara taso mini. Bai yi ba. Tabar da ke hannunsa ya ajiye a benci, ya daɗe yana kallona.

Ya ce, “Matanka baƙo ne, bai san Hausa na ba. Ba laifinsa. Amma Malam? Malam ya ji, ya yarda? Ni zan ce Malam ba shi da amfani?”

Na ce, “Baba, ciwo ne. Mai ciwo komai ya ji a kansa yake ɗauka. Taso mu je yanzu a gama.”

Ya ce, “Ba na zuwa. Na je ƙofarsa an kore ni kamar mai tallan magani. Benci yana nan. In yana so, ya zo.”

Na ce a raina, yau na shiga uku, na kashe wuta ɗaya na kunna wata.

Na koma na ɗauki matata muka shiga wurin Kawu. Ta durƙusa a bakin ƙofa, duk ta tsure. Na ce ta maimaita abin da ta ji, yadda ta ji shi, kada ta gyara wa Baba Hausa. Ta maimaita. Kawu yana kwance fuska a bango, na ga kafaɗarsa ta motsa.

Da ƙyar ya ce, “Me ke... hannunsa?”

Ta ce, “Ban gani ba, Kawu, katanga ce tsakaninmu. Na dai riƙa jin wani abu yana ƙas, ƙas.”

Na ce, “Kawu, wuƙar tana Obi wurin maƙeri. Gyara ta ake yi don hannunka na hagu.” Matata ta fashe da kuka tana neman gafara. Kawu ya ɗaga hannun mai lafiya ya yi mata alamar ta tashi, ba komai. Ni kuma ya ce in fita in ja masa ƙofa.

Bai tashi ranar ba, bai tashi washegari ba. Kunya ce, na sani, kuma kunyar dattijo ta fi ciwo nauyi. Ni kuma ina tsakiya, in leƙa nan in leƙa can, kowa ya ɗaure fuska. Na ga Baba ya hau mota ranar kasuwar Obi ya dawo, bai ce mini komai ba, ni ma ban tambaya ba, ko da yake cikina kamar zai fashe don son in ga abin da maƙerin ya yi.

Wata la'asar, an yi ruwa da safe gari ya yi sanyi, ina cire takalmi a ƙofar gida sai na ji muryar Kawu ta taga.

“Sanda.”

Na kawo. Ya ce, “Kujera.” Ya sa Inna ta ɗauko masa hula, ya daidaita ta da hagu. Inna ta cika flas, ta ƙunsa goro. Na miƙa hannu zan riƙe shi, ya buge. Tafiyar da yaro zai yi da gudu kafin ka ƙifta ido, sai da muka tsaya hutawa a jikin katangar mutane, gumi yana bin wuyansa, ƙafar tana jan ƙasa tana barin layi a cikin laka. Ina bayansa da kujera a ka.

Baba ya hango mu tun daga nesa. Bai tashi ba, bai yi sannu ba. Ya dai ɗaga kai ya dubi ganyen mangwaro ya ga inda iska ke kaɗawa, sai ya ja jarkarsa ya koma ɗaya ƙarshen bencin, ya bar wa Kawu wajen da hayaƙi ba ya zuwa. Na ajiye kujera a nan. Kawu ya zauna yana haki.

Baba ya tsiyaya bammi ya kurɓa. Na zuba wa Kawu shayi. Kaji suna ta tonon ƙasa a gabanmu.

Can Kawu ya ce, “Sarkin doya. An ce... na tsufa.”

Baba ya ce, “Ka tsufa mana. Amma kai ko na kai ka Obi, maƙeri ba zai karɓa ba.”

Wani sauti ya fito daga bakin Kawu, ban san ko dariya ba ce ko tari. Baba ya sa hannu a aljihu ya fito da ita, ya kwantar a kan benci. Na miƙa wuya. Ƙahon nan ne dai, zoben nan ne, sai wani ɗan ƙullin tagulla sabo fil a gindin ruwan wuƙar, bai fi ƙwayar gero biyu ba. Aiki mai kyau, na rantse.

Bencin yana hannun daman Kawu, kujerar kuma ta fi shi tsawo, ƙasa kuma ta jiƙe. Kawu ya miƙo hagu ta kan jikinsa zai ɗauka, ya sunkuya, ƙafar kujera ta nutse, ya tafi gaba ɗaya zai kifa. Na cafke shi. Ya sake gwadawa, yatsunsa suka tsaya saura kaɗan. Na ga fuskarsa ta canja, irin canjin ranar da ya juya bango. Na kai hannu zan ɗauko masa, Baba ya daka mini tsawa.

“Kar ka taɓa!”

Ya ajiye ƙoƙo, ya ɗauki wuƙar, ya miƙe tsaye. Ya zo gaban Kawu ya sunkuya. Ya kama hannun daman nan da ke lanƙwashe a cinya, ya buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, a hankali, ya kwantar da wuƙar a tafin.

Kawu ya zaro ido. Ya ce, “Hannu... da hannu?”

Baba ya ce, “Wane hannu? Wannan ya daina aikin hannu, Malam. Benci ne. Na ajiye, ka ɗauka.”

Kawu ya dubi hannun nasa, ya dubi Baba. Ya sa hagu ya ɗauka. Ya ɗora babban yatsa a kan ƙullin ya tura.

Ƙas.

Sai ga hawaye yana bin karkataccen bakin nan, kuma dariya yake yi, dariya sosai, har yawu yana zuba bai damu ba. Ni ma na juya ina goge ido da hular aiki. Baba ya koma wurinsa yana gunaguni, wai reza ta ɓata masa ganye mai kyau, a yi a gama da goro a ba shi wuri.

Kawu ya danne goron a cikin tafin daman, ya yanka da hagu. Ya fito siriri kamar farce. Da ya gama ya ja zoben da yatsa ya naɗe ta a gwiwa, ya mayar da ita kan tafin, Baba ya miƙo hannu ya ɗauka daga nan ya datse tabarsa. Har yau ban san mai wuƙar ba, kuma na gaji da tambaya.

Baba ya ƙyasta ashana ya ja, ya busa. Ba a jima ba iska ta juya, hayaƙin ya taho gaba ɗaya ya lulluɓe Kawu da farar rigarsa. Baba ya ɗauki jarka zai tashi ya canja wuri.

Kawu ya ce, “Zauna.”